Muryar Mahaifiyata Ce Kuka Sa a Ƙarshen Faifanku

Zuwa ga Shugaban kamfanin nan na Kuala Lumpur da ya sake buga waƙoƙin ƙungiyar mahaifina a faifan garmaho,

Yallaɓai, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka. Da gangan na rubuto da Hausa. Ku nemi wanda zai fassara muku, tunda abin da ya kamata ku yi ke nan tun kafin ku buga faifan. Ba zan ambaci sunan ƙungiyar ba, don ban zo yi muku talla ba.

Ni ɗaliba ce, ina karatun digiri na uku, ina zaune a Pantai Dalam da maigidana. Ni ce auta a wurin mutumin da ke tsakiyar hoton bangon faifanku, mai tulin suma da jita a rataye. A shekarun saba'in shi da abokansa suka kafa ƙungiyar kiɗan rok a Jos, irin mai ƙarar nan da jita ke kururuwa har kan mutum ya juya. Ni ban san wannan mutumin ba. Baban da na sani mai gyaran rediyo ne, mai farar hula, wanda ko tashe ba ya tsayawa kallo. Ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

Maigidana ne ya fara ganin hoton a wani shagon faifai kusa da tashar jirgin Titiwangsa. Asabar da ta wuce muka je tare. Da na ga Baba cikin wannan wando mai faɗin ƙafa, dariya na yi har da hawaye. Mai shagon da ya ji ko ni wace ce, sai ya ɗora mana faifan a lasifika, samari masu sayayya suka matso. Wallahi na ji daɗi, na ji alfahari. Har na shirya yi muku wasiƙar godiya.

Sai ya juya ɗaya gefen, aka zo kan abu na ƙarshe. Ba waƙa ba ce. Muryar mahaifiyata ce, tana yarinya, tana kuka.

Na zauna a kan kwalin faifai. Samarin nan kuwa sun lumshe ido suna gyaɗa kai, ɗaya har yana ɗaga wa mai shago babban yatsa. Ban ga laifinsu ba, ba su san abin da suke ji ba. Ku ma ba ku sani ba, to bari in gaya muku.

Na farko, abin da kuka buga saƙo ne. Lokacin da ƙungiyar ta tafi Ikko ɗaukar waƙa, ɗan farin iyayena ya kamu da ƙyanda, ya rasu bai cika shekara biyu ba. Mahaifiyata ba ta iya rubutu ba. A zamanin, wanda bai iya rubutu ba magana yake yi a kaset a ba direba ya kai. Kaset ɗaya ke gidan, na gwajin kiɗansu, sai ta yi magana a ragowar wurin da ba a ɗauki komai ba. Baba ya taɓa ba mu labarin sau ɗaya, a taƙaice. Mun ɗauka kaset ɗin ya daɗe da ɓata. Ashe yana cikin akwatin mai gangar ƙungiyar, inda ku da kanku kuka rubuta cewa kun samo shi.

Na biyu, kuma nan ne abin ya fi girgiza ni. A wurinmu, mace irin mahaifiyata ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ce, kuma girmamawa ce. Na kusa shekara arba'in a duniya, ban taɓa jin ɗayan sunayen nan a bakinta ba. Baba “Malam” ne. Yaron kuwa ko zancensa ba ta yi; in an tuno shi sai ta tashi ta shiga ɗaki. Amma a kaset ɗin nan ta kira Baba da sunansa na yanka, ta kira yaron da nasa, sau uku, tana cewa Baba ya dawo gida, an riga an binne yaron. Baƙin ciki ne ya kwance mata baki, kuma da mutum ɗaya take magana a duk duniya. Ni 'yarta ma ban cancanci ji ba. Sai ga shi na ji a kasuwa, tsakanin baƙi.

Ba ku ma bar muryar yadda take ba. Kun sa mata amsa-kuwwa, kun shimfiɗa kukan jitar Baba a ƙarƙashi, kamar da shiri suka yi abin tare.

Na uku, bayanin da kuka rubuta a bango. Wai wata 'yar bori ce da ba a san ko wace ce ba take kiran aljanu. Inna lillahi! Wa ya gaya muku? Tsohuwar da ta je Makka, wadda azumin Litinin da Alhamis ba ya wuce ta? Kun gano irin jitar da Baba ya kaɗa, kun gano har irin na'urar da aka ɗauki sautin da ita, kun cika shafi guda da wannan. Amma minti huɗu na Hausa sun gagare ku. Hausawa nawa ke garin nan? Ranar Juma'a, da ɗayanku ya tsaya a ƙofar masallaci a Kampung Baru da wayarsa, kafin shayinsa ya huce an gaya masa abin da ke ciki.

Mai shagon ya ce kuna shirin sa faifan duka a intanet. Mahaifiyata tana raye a Jos, tana fama da hawan jini, jikokinta kuwa kowa da waya a hannu. Ranar da kuka saki abin nan, a tsakar gidanta za a kunna shi, gaban surukanta.

Saboda haka ina roƙonku, ba da faɗa ba duk da raina a ɓace yake. Ku cire wannan saƙo daga duk abin da za ku sa a intanet. Ku janye faifan da ba a sayar ba, ku sake bugawa ba tare da shi ba, ku goge maganar borin nan. Sannan ku ba mu kaset ɗin, namu ne. Waƙoƙin Baba kuwa ku bar su, ku yi ta bugawa. Kun dawo mini da wani ɓangare na mahaifina da ban sani ba, kuma ba zan ɓoye hakan ba.

Akwai kuskurena a ciki, gara in faɗa. Tun muna bakin shagon, kafin in saurari komai, na ɗauki hoton bangon na tura wa 'yan gidanmu. An nuna wa tsohuwa. Jiya ta kira ni, muryarta da fara'ar da na daɗe ban ji ba, ta ce ashe har yanzu ana tunawa da Malam. Ta ce in zan dawo hutu in taho mata da guda ɗaya, za a nemo garmaho ta ji. Na ce to.

Yallaɓai, Allah Ya ba ka ikon gyarawa, Ya sa wa sana'arka albarka, Ya rufa asirin mahaifiyarka. Hutuna ya kusa, kuma ban taɓa yi wa tsohuwar nan ƙarya ba. Ku gaya mini wane faifai zan kai mata.

Wassalam.

Autar mai jita,
Pantai Dalam, Kuala Lumpur.