Jirgin da Ke Wucewa ta Bayan Gida

14 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da iyali.

Kin buƙaci in daina amsa miki da "mun gode Allah" kawai. To, ga bayani. Yaron namu ya rasu ranar Laraba, 9 ga Janairu, da ƙarfe huɗu da kwata na yamma, bayan gajeren zazzaɓi. Shekararsa ashirin da tara. Rigar aikinsa ta mai duba tikitin jirgin ƙasa tana rataye a bayan ƙofa. Uwarsa ta hana a taɓa.

Taron da ya fito da ni ƙasar waje ya ƙare, amma na tsaya nazarin jiragen ƙasan mutanen nan. A ƙasa ta farko, gudun jirgin ya kai ban gama shayina ba muka iso. Kujera mai laushi, tarago tsit. Na yi atishawa, mutane suka juyo kamar na fasa gilashi, ba wanda ya yi mini addu'a. Ƙofar banɗaki kuma da maɓalli take aiki, kuma na danna wanda bai dace ba a lokacin da bai dace ba. Ba zan faɗaɗa ba. Maki takwas cikin goma.

A ƙasa ta biyu jirgin kwana na shiga, aka ba ni gadon sama. Hawa tsani da babbar riga ilimi ne da jami'a ba ta koyarwa. Mai duba tikitinsu matashi ne, dogo. Na sa ya duba nawa sau biyu, domin tabbatar da ƙwarewarsa. Maki bakwai.

Ki gaida kowa.

Ƙaninki

*

Malam Maki,

Gaisuwa da ban-gajiya. Wasiƙarka ta iso, na yi dariyar banɗaki har na ƙware.

Amma kai ko kunya! Ka ƙetare teku kana yi wa kujerun mutane jarrabawa, alhali jirgin ɗanka ta bayan katangarka yake wucewa, ba ka taɓa sa ƙafa a ciki ba. Wai ba ya zuwa a kan lokaci. Kai da aka haifa bayan ungozoma ta gaji ta tafi gida!

Ka saurara. Tun da aka yi rasuwar nan, direban yake busa ƙaho in ya zo saitin gidanku, matarka kuma tana tsaye a taga. Abokan aikinsa sun keɓe muku kujera biyu a taragon da yake aiki, ranar Asabar ta ƙarshen wata. Ta ce ba za ta shiga ita kaɗai ba. Ta goge mayafinta tun yanzu. In ka bar baiwar Allah nan ta zauna kusa da kujera ba kowa, ni da kai ne. Ban tsufa da jan kunne ba.

Kuma wannan dogon da ka sa ya duba tikiti sau biyu, ni za ka yi wa wayo?

Allah ya dawo da kai lafiya.

Yayarka

*

31 ga Maris

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na dawo, kuma na je tasha ranar Asabar, kamar yadda kika umarta.

Uwar yaron ta riga ni fita. Ni kuwa, bisa abin da na daɗe ina faɗa game da jirgin nan, na ƙiyasta zai makara da aƙalla awa ɗaya, saboda haka na tsaya na gama karanta jarida. Da na isa, sai na tarar ya tashi daidai kan lokaci. Mai sharar dandamali ya ce, "Baba, yau fa saboda ku aka yi ƙoƙari."

Na zauna a benci har jirgin ya dawo da yamma. Bencin katako ne, yana da ƙusa. Ban ba shi maki ba.

Ta sauko idonta jawur, abokan aikinsa na riƙe mata jaka. Ta ce kujerar tana girgiza, fanka ba ta aiki, kuma ba ta taɓa jin daɗin tafiya irin wannan ba.

Sun ce kujerar tana nan duk ranar da na shirya. Kunnena ma yana nan, sai kin zo.

Ita ta hau. Ni ban hau ba tukuna.

Ƙaninki