Ƙwayoyin Inna da Goɗiyoyin Kanada

Kanada, Janairu 1998

Assalamu alaikum Inna. Ya Baffa, ya su Mahbuba da shanu? Ni lafiya lau, sanyi ne kawai, shi ma ina sabawa.

Kin ce in bincika ƙwayoyin da likitan Dutse ya rubuta miki tun da al'ada ta ɗauke. Inna, daga fitsarin goɗiya mai ciki ake tace sinadarinsu. Ki tambayi Malam hukuncinsa, amma ki ga likita kafin ki daina sha.

Ba a littafi na gani ba. Kamfanin maganin da na ce ina yi wa aiki bayan darasi, gonar goɗiyoyi ce. Ni nake kwashe fitsarin kullum da safe.

Kada Baffa ya ji. Har yanzu yana alfaharin boko ya raba ni da ƙwaryar nono.

Ki sa ni a addu'a.

Taki,
Hindatu