Kazar Mai Ɗori

Nasarawa Gwom, Jos

Zuwa ga Koci Chundung,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Baba? Allah ya ƙara sauƙi. Tunda ƙauyenku ba sabis, na ba Linus mai motar dankali wannan takarda ya kawo miki.

Ƙafar nan ta sake yi mini tsiya. A wajen tirenin ɗin gudu na gurɗe idon sawun dama, wanda ya saba gurɗewa, wannan karon har ƙashi ya ɗan tsage. Kafin in ce asibiti, Kaka ta ɗauko mai ɗori daga unguwar Congo-Russia. Ya ɗaure ni da karare da tsumma, sannan ya karya ƙafar kazarmu ya ɗora ta ita ma, ya ce ranar da ta taka, ranar zan koma fili. Yanzu tana cikin akurki a ƙofar ɗakin Kaka, ni ina kan tabarma, muna kallon juna.

Koci, gwajin zaɓen 'yan gudun jiha ƙarshen wata mai zuwa ne. Bara ƙafar nan ce ta hana ni. In na bana ya wuce ni, shekaruna sun fita daga rukunin matasa. Don Allah kada a cire sunana.

Ɗalibarki,
Salma

Bokkos

Salma 'yata,

Na gaishe ki, ki gaida Kaka. Baba da sauƙi, mun gode Allah.

Sunanki yana nan, na aika wa Oga Livinus mai tsara gwajin. Amma ki ji ni da kyau, ni ban taɓa horar da kaza ba. In an kwance ɗorin, kullum da safe ki tsaya a kan ƙafar nan ita kaɗai, ki rufe ido. Ranar da kika gama addu'arki ta safe a haka ba ki dafa bango ba, sai mu yi maganar gudu. Kafin nan, ko ɓarawo kika gani, ki bar shi ya tafi.

Na san halinki, ba ki da haƙuri ko na sisin kwabo. Ki ara.

Kocinki,
Chundung

Nasarawa Gwom, Jos

Koci,

Bayan gaisuwa. An kwance ɗorin tuni, ina takawa har kasuwa. Amma wallahi na gaji. Na gaji da "sannu", na gaji da man zafi, na gaji da jin ƙarar takalman su Fiddausi, abokan guduna, suna wucewa ta bayan gidanmu da asuba za su tirenin a Rayfield. Kazar kuwa kullum tana kwance, Kaka ta ce ba inda za ni sai ta tashi.

Jiya Kaka ta tafi suna, na ɗaga akurkin in zuba mata tsaki. Koci, lafiyarta ƙalau! Zare ne siriri aka ɗaure ƙafafunta biyu da shi a ƙarƙashin tsumman. Ina tsinke shi ta zura a guje har zaure.

Da Kaka ta dawo, ko kunya ba ta ji ba. Ta ce, "Kaza ta warke tun tuni, ke ce ba ki warke ba. Kina tsammani ba na ganin yadda ƙafar nan take kumbura da yamma?" Na faɗa mata maganar da ba ta dace ba. Makonni ta cinye mini, alhali gwaji Asabar ɗin nan ne.

Zan je. Ki amsa mini da wuri.

Salma

Nasarawa Gwom, Jos

Koci,

Ina gaisuwa. Linus ya zo babu amsarki. Ba komai.

Yau da asuba na sa takalmin gudu, na tsaya a ƙafa ɗaya, na rufe ido. Ban kai rabin addu'a ba na dafa bango. Na sake, na sake, duk haka. Kaka tana kan sallaya tana kallona.

Na kamo kazar da kaina, na miƙa wa Kaka, na riƙe mata ƙafafun ta ɗaure.

Ki ce wa Oga Livinus ya ba Fiddausi gurbina. A gaida Baba.

Taki,
Salma