Ka Riga Ta Zama a Bencin Baya

"Mama, muddin ina numfashi ba mai wulaƙanta Jummy." Kai ka faɗa, Jerome, a bakin kabarin babanku.

Ni Briskila Yila ta unguwar Federal Low-Cost, da hankalina garau nake rubuta wannan wasiyya. Ciwon dajin ya yi nisa, amma bai taɓa mini kai ba.

Ina asibiti aka gaya mini ƙanwarka Jummy ta cika horon wata shida da ikilisiya ta ɗora mata saboda cikin da ta yi ba aure. Ta tuba gaban jama'a, fasto ya ce ta koma cin Jibin Ubangiji, sai wani dattijon ikilisiya ya miƙe ya ce a ƙara mata shekara a bencin baya. Na tambaye su wane marar tausayi ne. Kowa ya sunkuyar da kai. Ashe ɗan cikina ne.

1. Gidan nan naku ne ku biyu. Ɗakina na Jummy ne da jaririnta.

2. Keken ɗinkina na Goggo Kadijatu ta unguwar Kagarawal ne. Da ka kori Jummy daga gida ina kwance, wannan baiwar Allah da ba ta taɓa shiga coci ba ita ta karɓe ta a gidanta, ta yi mata wankan jego.

3. Littattafaina naka ne. Ka haddace doka, madalla. Amma doka kamar ma'aunin zafin da nas ke sa mini ne kullum: yana faɗin ciwo, bai taɓa warkar da kowa ba. Ban ce Jummy ba ta yi zunubi ba. Ta yi, na kuma faɗa mata ido da ido. To in horo ne ke ceto, me Almasihu ya je yi a kan giciye? Alheri kyautar Allah ne, ba a ba ka makullinsa ba.

4. A ƙasan akwatina akwai takardar aurenmu da ta haihuwarka. Ƙirga watannin da ke tsakani. Biyar ne. Wannan benci ka riga Jummy zama a kansa, kana cikina. Ranar da na cika horona, shugabar Zumuntar Mata ta kama hannuna ta kai ni gaba, ba wanda ya ƙara tayar da zancen. Shi ya sa ka girma ba ka sani ba, har aka naɗa ka dattijo.

Allah ya albarkace ku duka, har jikana da ka ƙi ɗauka. Ku riƙe juna, ba ku da wasu.

Lahadin farko na watan gobe akwai Jibin Ubangiji. Kafin ranar ka je Kagarawal ka dawo da Jummy gida, ka janye maganarka gaban dattawa. In ka ƙi, ko a keken asibiti sai an kai ni. Zan ɗaura zanen Zumunta, in zauna kusa da ita a bencin baya, lokacin ba da shaida in karanta takardun nan biyu da bakina.