Littafin Baba a Hannun Mai Tsire

Yaya Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da iyali. Yaya ƙafar Inna?

Ranar Asabar na ɗauki wani tsohon Bature a motata ta haya a Hyattsville, nan Amurka. Ashe ya taɓa buga gasar tanis ta ƙasashen duniya da aka daina yi a garinmu. Ya tuna Baba, ya ce, "Mai zana layin fili da farar ƙasa? Layinsa ba ya karkacewa." Na yi alkawarin nuna masa littafin da Baba ya rubuta zakarun kowace shekara a ciki.

Sai ƙanwarmu Hajara ta ce ka ba mai tsire shi yana naɗe nama. Har na zargi kaina, na duba littafin da nake rubuta al'amurana kullum. Sau uku na roƙe ka ka adana shi. Wallahi ka ba ni kunya, Yaya.

Ka je ka karɓo abin da ya saura, ko da maiƙo a jikinsa, ka ba Hajara. Kada ka kira ni kafin nan.

A gaida Inna, ta sa ni a addu'a. Kada ta ji inda rubutun mijinta ya ƙare.

Ƙaninka,
Bala