Ni na sa aka rataya kwamin da ya karya ƙafar surukata

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ina roƙonku ku sakaya sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, don zagin da za ku yi mini na riga na yi ma kaina wanda ya fi shi. Daga Birnin Konni nake rubutowa.

Mijina ma'aikaci ne, yana aiki a buro, wato ofis. Gidanmu na gado ne, ginin ƙasa, muna zaune da mahaifiyarsa, wadda duk muke ce ma Inna. Bayan damina ya ce zai gyara mini madafa, a shafe ta da siminti, a buɗe taga, a ɗora tano, wato gangar ruwa, a waje a jawo bututu ciki. Har ya sa wani direba ya zo mana da kwamin wanke-wanke daga Sakkwato, fari fat, mai nauyin da sai da maza biyu suka ɗauko shi. Ni kuwa na taɓa ganin irinsa a gidan wata matar babban ma'aikaci da muka je barkar haihuwa. Nata a jikin bango yake manne, babu ƙafa, babu komai ƙarƙashinsa, sai ƙarafa biyu da ba a ko ganinsu. Tun ranar abin ya shiga raina. Na ce nawa ma haka zai zama, matan unguwa su shigo su gani.

Maginin da mijina ya kawo dattijo ne, shi ya gina ɗakin Inna tun mijina na yaro. Ranar da zai kafa kwamin mijina ya tafi aiki Illela, zai yi kwanaki. Magini ya ƙwanƙwasa bango da bakin cokalin gininsa, ya ce mini, "Uwarɗakina, bangon ga tubalin ƙasa ne, siminti fatarshi kawai. Hanya biyu ce. Ko in tada mishi ƙafafu na bulo shi zauna bisa, ko in zuba dandamali in nutsa shi ciki. Ratayawa kam ba ta yi, in ƙasa ta sha ruwa sakin ƙarfe takai." Na ce na wancan gidan da na gani ai rataye yake. Ya ce wancan ginin bulo ne tun daga tushe. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Maigida ne ya ce a rataya, ya ce kar ya dawo ya ga ƙafafu" ba. Ya kalli bangon, sannan ya ce, "Shi ya faɗi haka?" Na ce shi ya faɗa. Ya ce to, gida nashi ne. Ya huda bango, ya cusa ƙarafa, ya cika da siminti iya ƙoƙarinsa, ya ce kar a jingina, kar a cika shi da ruwa.

Da mijina ya dawo ya tsaya yana duba ƙarƙashin kwamin, ya ce, "Wannan zai riƙe kuwa?" Na ce magini ya ce ko jaki aka ɗora ba zai motsa ba. Ya yi dariya ya wuce. Kun ga ƙarya ta zama biyu, kowa na ba shi tasa. Me ya kai ni? Don a ce madafar wance ta fi ta kowa? Mata sun zo kuwa, sun shafa, sun yaba, ni ina ta washe baki.

Ba a daɗe ba na ga bangon ƙarƙashin bututu ya fara yin duhu, ga wata tsaga siririya ta fito daga gindin ƙarfe. Na gani da idona. Maimakon in faɗa, sai na jingina faranti na rufe wurin. Kullum in ce gobe zan aika a kira magini, kullum in tuna in ya zo za su haɗu da mijina, maganata ta tonu.

Ranar Laraba da hantsi ina tsakar gida ina tankaɗe, Inna ta shiga madafa wanke ƙwaryar furarta. Tana da ciwon gwiwa, in za ta duƙa sai ta dafa abu. Na ji ƙara kamar bango ya faɗi, sannan na ji muryarta tana salati a hankali. Na iske kwamin ya tsinke da guntun bango ya faɗo mata a ƙafa, ruwa na ta zuba a kanta, ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Da na rungume ta abin da ta fara ce mini shi ne, "Ɗiyata, na ɓata miki kayanki." Wannan maganar ita ke hana ni cin abinci har yau.

An kai ta gidan likita, sun ce ƙashin ya karye wuri biyu, sun ɗaure. Yanzu tana gida kwance, yatsun sun kumbura sun fara canza launi, zazzaɓi na zuwa yana tafiya. Likita ya ce in bai sauka ba sai an kai ta babban asibiti, kuma bai ɓoye ma mijina ba cewa ana iya rasa ƙafar. Ni ke yi mata komai, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu, tana sa mini albarka, kowace albarka kamar an ɗora mini garwashi.

Shekaranjiya magini ya zo gaishe ta. Mijina ya tare shi a zaure gaban mutane, ina bayan ƙofa ina ji. Ya ce mishi macuci, ya ce ya kashe mishi uwa da aikin banza. Dattijon ya ce, "Ai na faɗi ba ta yi. Kai ka bar sallahu a rataya." Mijina ya ce, "Ni? Wa na bar ma sallahu?" Na matsa jikin ƙofa. Ina jiran in ji sunana. Sai magini ya ce, "Ba ni faɗin wannan a bakin zaure." Ya ɗauki takalmansa ya tafi. Mijina ya shigo ya dube ni ya ce, "Kin ji abin da tsohon nan ke ƙaga mini?" Na ce na ji. Ko a nan ban faɗi gaskiya ba.

Yanzu ya kai ƙara wurin alƙali, an sa ranar Litinin. Ya ce zai dafa Alƙur'ani a kan bai taɓa cewa a rataya ba, kuma ni zai kai shaida, tunda ni na ji magini ya ce zai riƙe. Tuni wani mai gida a unguwarmu ya sallami dattijon daga ginin da yake yi mishi. Mutumin da ya rufa mini asiri gaban jama'a, shi zan je in tsaya in ƙaryata? In na rantse, ina zan kai wannan gobe kiyama? In na faɗi gaskiya, mijina mutum ne da ba a haɗa shi da kowa a kan uwarsa, na san a ranar zan koma gidanmu, ga ƙaramin ciki gare ni da ko shi bai sani ba tukuna. Kuma in na tafi, wa zai juya Inna? In fara faɗa mata ita, ina tsoron abin ya ƙara mata ciwo. In je wurin magini in roƙe shi, in roƙe shi me, ya ɗauki laifina?

Ɗazu mijina ya aiko daga buro a gaya mini in wanke mayafina, in shirya abin da zan faɗa ma alƙali. Na wanke, ga shi can a igiya yana bushewa. Don Allah jama'a, kafin Litinin, me zan yi?