Batir Mai Lamba Uku

Bergen, 4 ga Oktoba

Baba,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya.

Na san shekara huɗu ke nan ba ka ga rubutuna ba, kuma ba sulhu ya kawo ni ba. Tun da mijina Eivind ya koma keken guragu ni na karɓi aikinsa na ɗaukar hoto a ƙarƙashin teku, da shi muke ci. Kamfanin da ya ƙera fitilun hotonsa ya daina yin batiransu, namu kuma sun gaji, da ƙyar suke haska hoto ashirin. A watan Janairu zan tafi arewa aikin wata mujalla. Na tambayi mai gyaran batir ko'ina, kowa sunanka yake kira. Ga guda huɗu a cikin kwalin nan, a sake musu ƙwayoyin wutar da ke cikinsu.

Ka huta lafiya.
Sunniva

Florø, 10 ga Oktoba

'Yata Sunniva,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki. Lafiyata lau, sai ruwan sama da ya ƙi tsayawa tun Lahadi.

Da mai kawo saƙo ya miƙo mini kwalin, na daɗe ina kallon rubutunki kafin na nemo wuƙa. Na buɗe uku a ciki. Biyu ƙwayoyinsu sun kumbura, ɗaya kuma ruwan gishiri ya shiga ya cinye wayoyin, zoben robar da ke tare ruwa ya bushe ya tsage. Ba kya shafa musu mai, kamar dai mahaifiyarki da injin kwalekwale. Duk za su gyaru.

Na huɗun ban taɓa shi ba. Akwai lamba uku a jikinsa da rubutun hannuna, da kwanan watan da na gyara shi, mako guda kafin abin da ya sami Eivind. Kuskure ne ya sa ya shigo kwalin, ko da gangan?

Na sa miki busasshen kifi a wasiƙar nan, irin wanda kike so.

Mahaifinki,
Torleif

Bergen, 15 ga Oktoba

Baba,

Na gaishe ka. Kifin ya iso.

Da gangan ne. A bara na tsince shi a ƙasan jakar nutson Eivind, na ɓoye. Ba ka taɓa tambayar yadda ranar ta kasance ba, ko a asibiti tsayawa ka yi bakin ƙofa riƙe da hula, don haka bari in faɗa maka. Yana zurfin mita arba'in a gefen wani tsohon jirgi da ya nutse, ya ɗauki hoto shida, fitilar ta mutu. Ya taso ya canja batir, ya koma ƙasan ruwa bai huta ba, don hasken rana na gushewa. Da ya sake tasowa, iska ta taru a jininsa ta taɓa lakarsa. A kan kwalekwalen ya ce mini ba ya jin ƙafafunsa, yana dariya, yana zaton sanyi ne.

Shi bai taɓa ambaton sunanka a maganar ba. Ni ce nake ɗaga shi daga gado kowace safiya, ni ce kuma nake so in sani. Ka buɗe shi ka gaya mini abin da ka gani. Kana iya yi mini ƙarya, ba ni da hanyar ganewa.

Sunniva

Florø, 2 ga Nuwamba

Sunniva,

Gaisuwa gare ku duka. Ki yi haƙuri da jinkiri.

Na buɗe shi. Ƙwayoyin sababbi ne, babu abin da ya same su. Siririn ƙarfen da ke haɗa ta bakwai da ta takwas ne ya ɓalle. Waldar ba ta kama ba tun farko, da farce na ɗaga shi. Aikina ne.

A watan da na gyara shi likita ya gaya mini abin da ke sa hannuna na dama rawa, ya ce ba zai daina ba. Ban faɗa wa kowa ba. Shekara talatin masu nutso suna zuwa ƙofata daga ko'ina, na kasa cewa na gama. Da na haɗa batirin na yi niyyar in gwada shi kwana biyu kamar yadda na saba, sai Eivind ya zo yana sauri, na miƙa masa.

Amma tun da gaskiya kike nema, ga sauranta. Babu wanda ya ce ya koma ƙasa bai huta ba. Ya fi kowa sanin ƙa'ida, shi yake koya wa mutane. Na faɗa, ki ƙara a kan abin da kike riƙe da ni.

Sauran ukun suna hanya. Ba ni na haɗa su ba, na shiga jirgin ruwa na kai wa wata mata a Ålesund, Oddny, hannunta ba ya rawa. Na zauna a gefenta har ta gama, mun gwada kowanne sau uku. Ki shiga ruwa da su hankali kwance. Na rufe shagona gaba ɗaya ranar Juma'a.

Ki kula da kanki.
Mahaifinki

Bergen, 9 ga Nuwamba

Baba,

Na gaishe ka. Batiran sun iso, suna aiki.

Na karanta wa Eivind wasiƙarka duka. Ya ce ya sani tun ranar, ya ga yadda kofi ke zuba daga hannunka, ya karɓi batirin don kada ya kunyata ka. Ya ce maganarka ta biyu ma gaskiya ce. Ashe ku biyu kun sani, ni kaɗai na yi shekara huɗu ina tambayar kaina.

Ya ce ka zo mana Kirsimeti. Shi ya ce.

Ka huta lafiya.
Sunniva